Agogon Baba Ilu

Samarin da ke zuwa shagona neman koyon aiki kusan magana ɗaya suke zuwa da ita. Sai su ce sun ji haɗa ƙofar shiga manhaja bai wuce rubuta sunaye da kalmomin sirri ba, in nuna musu a yini ɗaya su kama gabansu. Ba na musu da su. Ina dai cewa su zauna, su kife wayoyinsu, su saurara daga farko, domin ni ban iya fara magana daga tsakiya ba.

Ga yadda abin yake. A ce asibiti yana da manhajar karɓar marasa lafiya daban, ta ɗakin magani daban, ta ɗakin gwaji daban. In kowace ta riƙe sunayen ma'aikata da kanta, ranar da aka sallami mutum sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana goge shi, kuma dole ka manta da wata. Shi ya sa ake tara sunayen kowa wuri ɗaya a cikin babbar kwamfutar da muke kira saba. Wannan matattara ita ce darektori a bakin masu aiki, ni kuwa mai gadi nake ce mata. Mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, manhaja ba ta yanke hukunci da kanta. Sai ta aika ta tambayi mai gadi ko ya san shi, wane rukuni yake, wane ɗaki aka yarda ya shiga. Aikina shi ne haɗa manhaja da mai gadin nan har su riƙa jin maganar juna.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Da na gama sakandare aka kai ni wurin Malam Nuhu, Allah ya ji ƙansa, mai shagon gyaran kwamfuta a bayan kasuwar Daura. Aikin da ya fara ba ni shi ne matse kan wayar netwok. Siraran wayoyi ne a cikinta, kowace da launinta da gurbinta. In na jera na matse, sai ya ɗaga kan wayar zuwa haske ya duba. In ɗaya ta tsallake 'yar'uwarta, ba ya faɗa, sai ya sa almakashi ya datse ya miƙo mini. Na daɗe a kan wannan kafin ya bari in taɓa saba. A wurinsa na gaji jakar da nake ratayawa har yau: filayar matse kai, mitar gwada waya, sukundireba, filash na ajiyar bayanai, ƙaramin burushi, da batiran agogon kwamfuta masu kama da kwabo. A wurinsa kuma na gaji tsarin bincike. Ya ce duk ƙofar da ta ƙi buɗewa, a fara da wuta, sannan waya, sannan agogo, sannan suna. Wanda ya fara da suna zai yini yana zargin mutane alhali filogi ne ya zare.

Babban aikina na farko bayan na tsaya da ƙafata na wani asibiti ne mai zaman kansa a cikin Daura, mai ƙananan rassa a Sandamu da Zango. Ranar da na shiga na ɗaga allon rubutun kwamfutar farko, sai na ga kalmar sirri a manne a ƙarƙashinsa. Da ita kowa ke shiga, daga likita har mai shara. Abin da ya sa mai asibitin, wanda kowa ke kira Dakta, ya neme ni shi ne wata matar aure ta zo gwaji, kafin ta isa gida labarin ciwonta ya riga ta zuwa unguwa. An rasa wanda za a kama, tunda a idon kwamfuta duk asibitin mutum ɗaya ne.

Na bi aikin daki-daki. Na fara kafa saba a Daura da batir da sola, don kada mai gadi ya yi barci in an ɗauke wuta. Sannan na zauna da Dakta muka raba rukunai, likitoci, nas-nas, ɗakin magani, ɗakin gwaji, masu karɓar kati. Rukuni ake ba izini, ba mutum ba, ku riƙe wannan. In an yi wa ma'aikaci canjin aiki sai ka ɗauke shi daga wannan rukuni ka sa shi a wancan, shi ke nan. Bayan haka na buɗe wa manhajar kanta suna a darektori, mai ikon tambaya kawai, ba ta iya gogewa ko ƙarawa. Na nuna mata adireshin saba da sashen darektorin da za ta nemi mutane a ciki, na rufe hanyar da ke tsakaninsu don kada wani ya tsinci kalmar sirri a kan waya. Daga ƙarshe na ƙirƙiri ma'aikacin ƙarya na sa shi a kowane rukuni bi da bi, ina gwada ƙofofin da ya kamata su buɗe masa, da kuma waɗanda ya kamata su ƙi. Gwajin na biyu shi ne yaran yanzu ke tsallakewa. Ƙofar da ke buɗe wa kowa ai ba ƙofa ba ce.

Wahalar na'ura kaɗan ce a kan ta mutane. Akwai wanda ke manta kalmar sirrinsa duk bayan hutu ya rantse kwamfuta ce ta canza. Akwai wanda babba zai ce masa ara mini taka, kunya ta hana shi ƙi. Na sha tsayawa gaban ma'aikata ina cewa kalmar sirri kamar asuwaki ce, ba a aronta. Sannu a hankali suka saba. Daura ta zauna, Sandamu ta zauna.

Reshen Zango kuwa Baba Ilu ke kula da shi, ƙanen mahaifiyar Dakta. Dattijo ne dogo, tsohon ma'aikacin lafiya, mai tsari fiye da ni. Ba a ajiye tsintsiya a karkace a asibitinsa. Saboda netwok ɗin can yana yawan rauni, na kafa ƙaramar saba a wani ɗan ɗaki tare da batiran sola, ita ke ɗauke da manhaja, tana tambayar mai gadi a Daura. Dakta ya ce in sa kawunsa cikin masu babban iko a kan na'urar, in kuma ba shi makullin ɗakin. Na ce tsarin aiki bai yarda ba. Ya ce, "Lawal, kawuna ne. Ba zai nemi izinin sa'an ɗan cikinsa kafin ya shiga ɗaki a wurin da yake shugabanta ba." Maganar ta ƙare a nan. Na sa shi.

Mummunar shekarata ta zo da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci. Wata safiya Sista Rabi, babbar nas ta Zango, ta kira ni ta ce babu wanda ke iya shiga, ga mata da yara har bakin ƙofa, ba a ganin katin kowa. Na hau babur na tafi. Wuta lafiya. Waya lafiya. Da na zo kan agogo sai na ga na'urar ta yi gaba da kwatar awa.

A nan sai na yi muku bayani. In mai gadi ya yarda da mutum, yana ba shi wata shaidar wucewa mai hatimin lokaci. In agogon manhaja ya saɓa da na mai gadi fiye da minti biyar, sai a ɗauka shaidar tsohuwa ce wani ya tsinta yana son shiga da ita, a ƙi kowa. Dabarar tsaro ce, ba lalacewa ba. Na gyara agogon, na canza batirinsa, ƙofa ta buɗe. Na tambaya ko wani ya taɓa na'urar. Aka ce babu. Baba Ilu da kansa ya ce shi ba ya wasa da kayan aikin mutane.

Ba a jima ba abin ya dawo. Na koma, na tarar da kwatar nan dai, kuma an kashe saitin da ke sa na'urar karɓar lokaci daga Daura. Na zargi cutar kwamfuta, na wanke na'urar tas na sake zuba komai. Ta yi kwanaki lafiya, ta sake. Na ɗauko wata na'urar daga shagona na musanya. Ita ma ta yi gaba da kwata. Wani lokaci a yi mako biyu shiru, wani lokaci kwana kaɗan. Hanyar Zango ta zama hanyar gidana, ni da ruwan sama da taɓo. 'Yan acaɓan tasha suka sa mini suna Mai Kulle Asibiti. Wata makaranta a Mai'adua da muka gama magana zan yi mata irin wannan aiki ta aiko cewa a dakata tukuna. Wani mai shagon magani ya gan ni ya sauya hanya.

Sai Dakta ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi likita ne, ba zai zuba ido uwa na riƙe da yaro mai zafin jiki ana jiran kwamfuta ta ga dama ba. Akwai taron shugabannin rassa a ƙarshen wata. In ban kawo dalili da magani kafin ranar ba, za a cire tsarin gaba ɗaya, a wuraren uku duka, a koma kalma ɗaya a ƙarƙashin allo. Ban ga laifinsa ba. Amma na san ranar da aka yi haka, sunana ya mutu a wannan sana'a a ƙasar Daura, sirrin marasa lafiya kuma ya koma bakin titi.

Na zauna na bi abin a jere. Batirin da ya mutu baya yake mayar da agogo, ba gaba ba. Cuta ba ta tsallaka wanki ta bi sabuwar na'ura. Lalacewa kuma ba ta da ma'auni, yau kaɗan ce gobe da yawa. Wannan kuwa kullum kwata ce cif. Abin da ke da ma'auni irin wannan hannu ne ke yin sa. Na rufe shago, na ɗauki jaka, na sauka wurin wani abokina a Zango. Na gyara agogon na'urar, sannan na samu benci a barandar asibiti inda nake hango ƙofar ɗan ɗakin, na zauna kamar mai jiran layi.

Sista Rabi ta wuce ta ce, "Malam Lawal, yau kai ma zazzaɓin ne, ko kwamfutar ce ta aiko ka karɓar mata magani?"

Na ce jinya na zo yi.

Ranar farko ban ga kowa ya shiga ɗakin ba. Amma na ga wani abu. Wajen azahar ma'aikata maza suka dubi agogon bango suka fita alwala. Suka gama, suka jera a inuwa, sannan ladanin masallacin unguwa ya kira salla. Na dubi agogon hannuna, na dubi na bango. Na bango yana gaba da kwata. Na leƙa ɗakin magani, nasu ma haka. Na tambayi Sista Rabi, sai ta yi dariya ta ce ai lokacin Baba ke nan, kowa a nan ya san shi. Mahaifinsa ladani ne, a gidansu agogo gaba yake tafiya don kada kiran salla ya riski mutum babu alwala. Da wannan ya tashi, da shi ya yi aikin gwamnati, da shi yake tafiyar da asibiti. Har wayarsa ya kashe mata saitin lokaci ya tura ta gaba. Na ce me ya hana a gaya mini tun farko. Ta ce ni na'ura na tambaya, ban tambayi agogo ba, kuma wa zai kai ƙarar Baba?

Duk da haka ban yi magana ba sai na gani da idona. Bayan kwana biyu, da hantsi, Baba Ilu ya fito da galan ɗin ruwan batir ya buɗe ɗan ɗakin. Na tashi na tsaya daga bakin ƙofa. Ya duba batiran ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara wa masu buƙata ruwa, ya goge saman teburi. Sannan ya dubi fuskar kwamfuta, ya dubi agogon hannunsa, ya girgiza kai irin na wanda ya gaji da gyaran abu ɗaya. Ya zauna, ya shiga da sunansa, ya kashe saitin, ya tura lokaci gaba. Kafin ya rufe galan, an fara kiran sunana daga ɗakin kati.

Yanzu ku lura, domin nan ne sana'ar take. Ina da ikon cire sunansa daga masu babban iko kafin ya kai ƙofa. Da na yi haka, gobe zai zo ya tarar an rufe masa ƙofa a asibitinsa, ya kira ɗan 'yar'uwarsa, kuma a taron ƙarshen wata muryarsa ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Da na tsaya a baranda na ce ga mai laifi, na ci gardama na rasa aiki. Na gyara agogon shiru, aka ci gaba da ganin marasa lafiya. Na jira har bayan la'asar, lokacin da yake zama shi kaɗai a gindin darbejiya, na je na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da tambaya.

Na ce, "Baba, in mutum ya zo ɗakin magani da takardar likita mai kwanan watan gobe, za a ba shi?"

Ya ce ko kusa, takardar da ta riga ranarta ai ta jabu ce.

Na ce to haka mai gadin Daura yake ganin Zango. Duk shaidar da ya bayar, in ta iso nan sai a tarar lokacinta bai yi daidai da agogon gida ba, sai a ce jabu ce. Ya dube ni. Sannan ya ce wato ina nufin agogonsa ne ke ƙarya. Na ce agogonsa bai taɓa sa kowa makara ba, amma na'urar ba ta salla, ba ta kuma san dalilinsa ba, lokacin Daura kawai ta sani.

"Kai Lawal," ya ce, "shekara nawa ina gyara agogo kafin a haife ka. Kullum in na shiga sai in ga naka yana baya, in ce yaron nan yana da ƙoƙari amma bai iya saita agogo ba. Rufa maka asiri nake yi."

Na ce na gode, amma gani ya kori ji, ya zo mu gwada tunda layi ya ragu. Muka shiga ɗakin, na kira Sista Rabi ta tsaya a kwamfutar kusa. Na ce ya tura agogon da hannunsa. Ya tura, ta gwada shiga, aka ƙi ta. Na ce ya mayar. Ya mayar, ta shiga. Bai yarda ba sai da ya sake, ya kuma sakewa, har ya gwada tura shi minti biyu kacal ya ga an bar ta ta wuce. Daga nan ya zauna ya riƙe haɓa. Ya tambaye ni ko ranar da matan nan suka yini a baranda da yara, wannan ne. Na ce shi ne. Sai ya miƙe ya kulle ɗakin ya tafi.

Ranar taro na shirya abin da zan faɗa: an gano matsalar agogo ce, an magance ta, ba za ta dawo ba. Ban yi niyyar kiran sunan kowa ba, ko da Dakta zai ga bayanin bai cika ba. Da aka zo kaina na miƙe, sai Baba Ilu ya ɗaga mini hannu ya ce in zauna, babba ke fara magana. Ya zaro makullin ɗan ɗakin daga aljihu ya ajiye a gaban Dakta. Ya ce na'urar Lawal ba ta taɓa lalacewa ba, ita ce ma kaɗai a Zango da ta ƙi bin umarninsa, kuma ita ke da gaskiya. Ya ce a cire sunansa daga masu iko a kanta yau ɗin nan, a bar shi da duba marasa lafiya da ruwan batir, shi ma in Lawal na nan.

Dakta ya buɗe baki zai ce wani abu, sai dattijon ya juya gare shi.

"Kai kuma da ka ce a ba ni makulli don kunya, ka ga inda kunyarka ta kai mu. Mai gadin da ya hana ni shiga, ni da nake kawun mai gida, shi za ka kora? Wa zai tsare maka sirrin mutane in ba irinsa ba?"

Ba a sake maganar cire tsari ba. A gabansu na buɗe laftof na ɗauke sunansa daga rukunin, aikin da bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Kafin kaka ta shigo makarantar Mai'adua ta aiko in zo, kuma Baba Ilu ne ya yi musu bayanina, domin shugabanta surukinsa ne. Tsarin asibitin nan yana aiki har yau, an ma ƙara masa reshe.

Saboda haka in kun ce aikin rubuta sunaye ne, ku je ku rubuta. Amma tsarin Malam Nuhu yana nan, wuta, waya, agogo, suna, ni kuma na ƙara masa ɗaya. In kun shiga wuri, kafin ku buɗe jaka, ku ɗaga kai ku dubi bango, ku tambayi wane ne ke saita agogon gidan da kuma dalilinsa.

Agogon bangon Zango ban taɓa shi ba, kuma ban ba kowa shawarar taɓa shi ba. Yana nan gaba da kwatarsa. Duk ranar da na je duba na'ura ina isa a kan lokacin da muka yi alkawari, ba na saɓawa. Baba Ilu yana zaune a baranda, sai ya amsa sallamata, ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce, "Lawal, ka makara."